Kamun Jatan Landen Kogi a Ingila: Me Ya Kawo Maganar Izini Alhali Hukuma na Kuka da Yawansa?

"Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a kusa da Oxford, kuma akwai wani ƙaramin kogi a bayan unguwarmu wanda idan ka leƙa gefensa da yamma za ka ga manyan jatan lande masu awartaki suna yawo a ƙasan ruwa. Wani maƙwabcina ya ce baƙi ne daga Amurka, ɓarna suke yi, don haka kowa na iya kama su ya ci, taimakon kogin ma ya yi. Wani abokin aikina kuma ya ce in na kuskura na saka tarko ba takarda zan iya tsintar kaina a gaban alƙali. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Idan har hukuma na so a rabu da su, me ya kawo maganar lasisi? Kuma cin su ba ya cutarwa?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da kake son sani shi ne ko doka ta ba ka damar kama waɗannan halittu ka kai tukunya, da kuma dalilin da zai sa a tsare mutum da neman takarda a kan abin da kowa ya yarda ɓarna yake yi. Abokin aikinka ne ya fi kusa da gaskiya. Maƙwabcinka bai yi kuskure ba da ya ce baƙi ne kuma suna ɓarna, amma ya kauce hanya a wurare biyu, domin ba kowa ne ke da damar saka tarko ba, kuma kamun da mutum ɗaya zai yi don miyar gidansa ba ya rage musu ƙarfi a kogi, wani lokacin ma ƙara yaɗa su yake yi. Aikina na duba lafiyar koguna ne a Ingila, ni ba lauya ba ne, saboda haka abin da zan faɗa maka a kan doka shi ne yadda muke aiki da ita a bakin ruwa, kuma duk inda maganata ta saɓa da sharuɗɗan da aka rubuta a takardar izininka, to takardar za ka bi.

Wane ne wannan baƙo?

Ya kamata mu fara raba shi da busasshen jatan landen da ake dakawa a zuba a miya a Najeriya. Wancan ƙanana ne na gaɓar teku da ake kawowa daga wajejen Akwa Ibom da Kuros Riba, wannan kuwa ɗan ruwan daɗi ne, mai kauri, mai awartaki biyu irin na ƙaguwa. Ba mu san shi a gida ba domin nahiyar Afirka ba ta da irinsa na asali sai a tsibirin Madagaska, kuma waɗanda ake samu yau a tafkin Naivasha na Kenya da kogin Nilu a Masar wani nau'i ne daban da mutane suka kai, wanda asalinsa kudancin ƙasar Amurka ne.

Wanda kake gani a bayan unguwarku kusan tabbas shi ne wanda Turawa ke kira signal crayfish, asalinsa kogunan arewa maso yammacin Amurka. Ƙasar Suwidin ce ta fara shigo da shi Turai a wajejen 1960, domin mutanenta suna da al'adar bikin cin jatan lande a watan Agusta, ga shi kuma wata annoba ta kusa ƙarar da nasu na gida tun bayan da ta shiga ƙasar a 1907. Daga Suwidin aka kawo shi Birtaniya a 1976, aka rarraba wa masu tafkuna su yi kiwonsa su sayar wa gidajen abinci da kasuwannin arewacin Turai. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan da zama ya zo. Yana iya fita daga ruwa ya taka a kan ciyawa mai laima da dare, yana hawa shinge, yana bin magudana, don haka ba a daɗe ba ya fice daga tafkunan kiwo ya shiga koguna. A yau kogin Thames da rassansa da ke kewaye da ku, irin su Cherwell da Windrush da Kennet, cike suke da shi.

Birtaniya tana da nata ɗan gida guda ɗaya tak, wanda ake kira mai farin awartaki, kuma shi ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Baƙon ya fi shi girma, domin yakan kai santimita 16 ko fiye, alhali ɗan gida ba kasafai yake wuce 12 ba. Ya fi shi faɗa, ya fi shi saurin girma, kuma macensa takan ɗauki ƙwai 200 zuwa 400 a ƙarƙashin jelarta tun daga kaka har bazara. Abin da ya fi duk wannan muni shi ne annobar da yake ɗauke da ita, wadda wata ƙwayar halitta mai kama da fumfuna, mai suna Aphanomyces astaci, take haddasawa. Shi baƙon ya saba da ita tun a ƙasarsu, yana yawo da ita ba ta kashe shi, amma idan ta shiga kogin da ɗan gida yake, cikin 'yan makonni sai a wayi gari ƙasan ruwa duk gawarwaki. An fara ganin ɓarkewarta a Ingila a 1981, kuma tun 2010 ɗan gidan yana cikin jerin halittun da ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan ɗan'uwansa ba. Yana cin ƙwan kifi, da ƙananan kifaye, da dodon koɗi, da tsutsotsin da kifi ke rayuwa a kansu, da tsirran ruwa. Yana kuma haƙa ramuka a gaɓar kogi waɗanda kan kai zurfin mita 2. Idan ruwa ya janye a ƙarshen bazara ka shiga ka dubi gaɓa ta ƙasa, za ka ga ramukan jere kusa da juna, kowane bakinsa a ɗan shimfiɗe, kuma idan ka dafa ƙasar da hannu sai ta rufta. Wannan ƙasar ce take gangarawa ta rufe tsakuwar da kifin salmon da na trout ke zuba ƙwai a cikinta.

Abin da takardar take tsarewa

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, suna ganin kamar hukuma na kare baƙon ne. Ba shi ake karewa ba. Mai tarkon ake sa wa ido, domin an daɗe da gane cewa a wurare da dama ɗan'adam ne ya ɗauki wannan halitta da cutarta ya tsallaka da su zuwa inda ƙafarsu ba za ta taɓa kai su ba.

Ka ɗauki maganar annobar. Ƙwayoyinta suna iyo a cikin ruwa, kuma suna iya rayuwa kwanaki da yawa a jikin duk abin da bai bushe ba, ko tarko ne, ko igiya, ko bokiti, ko tafin takalmin roba. Mutumin da ya saka tarko ranar Asabar a kogin da baƙi suke, ya jefa shi a bayan mota da laimarsa, ya kai shi wani rafi ranar Lahadi don ya gwada sa'a, zai iya kashe ɗan gidan da ya rage a wannan rafin gaba ɗaya ba tare da ya kai ko jatan lande ɗaya can ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Sai kuma wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi, ya ga kogin ya yi masa nisa, ya ɗebo rayayyu a bokiti ya zuba a tafkin da ke kusa da gidansa don ya riƙa samu a sauƙaƙe. A Suwidin irin wannan zubawar ta ɓoye tana cikin manyan dalilan da suka sa har yanzu annobar take cin nasu na gida.

Akwai kuma rashin sanin bambanci. Idan suna ƙanana, baƙo da ɗan gida suna kama matuƙa, kuma ɗan gida yana ƙarƙashin kariyar dokar namun daji ta 1981, wato Wildlife and Countryside Act, wadda ta haramta kama shi ba da lasisi na musamman ba. Hanyar da muke bi ita ce a riƙe shi ta baya, a bayan awartaki inda ba zai iya juyowa ya cije ka ba, a kifa shi a dubi ƙasan awartakin. Na baƙo ja ne wur, kuma a sama, daidai gaɓar da yatsun awartakin suke haɗuwa, akwai wani tabo fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Jikinsa sumul yake. Na ɗan gida kuwa ƙasan awartakinsa fari ne mai dauɗa-dauɗa, wani lokaci da ɗan ja kaɗan, saman kuma yana da kaushi, kuma ba shi da wannan tabon.

Dalilin da ya fi taɓa ni shi ne karen ruwa. Wannan dabba ta kusa ɓacewa daga kogunan Ingila a tsakiyar ƙarnin da ya wuce saboda magungunan ƙwari, sai a 'yan shekarun nan ta farfaɗo, kuma jatan lande yana cikin abincinta. Tarkon jatan lande tsarinsa ɗaya da gurar masuntanmu: baki mai faɗi a waje, mai tsukewa a ciki, shiga da sauƙi, fita da wuya. Idan bakin ya yi girma, karen ruwa zai cusa kansa don ya ɗauko abin da ke ciki, sai ya maƙale, kuma tun da numfashin iska yake yi, cikin 'yan mintuna ya mutu. Na sha jawo irin tarkunan nan masu naɗewa da ake saya da arha a intanet, babu alamar hukuma a jikinsu, an ɗaure su da igiya a saiwar bishiya an manta da su. Tun daga nauyin igiyar kake sanin ba jatan lande kaɗai ke ciki ba. Mai sayar da tarkon ba zai gaya maka cewa bakinsa ya wuce ƙa'ida ba, kuma ranar da aka tsinci gawa a ciki kai za a nema, ba shi ba. Kashe karen ruwa ko ɓeran ruwa, wato wanda Turawa ke kira water vole, laifi ne da kan iya jawo tara marar iyaka ko ɗaurin da zai kai wata 6.

Yadda ake neman izini a Ingila

Hukumar kula da muhalli, wato Environment Agency, ita ce ke ba da izinin, kuma ba a biyan ko sisi. Ana cike fom ɗin da ake kira CR1, wanda ake samu a shafin gwamnati na intanet, a faɗi ainihin wurin da za a saka tarko, da lokacin, da yawan tarkuna, da irin kayan kamun, da dalilin kamun. Lasisin fatsa da masu kamun kifi ke saya bai shafi wannan ba, don haka kada wani ya ce maka nasa ya wadatar. Idan an amince, za a aiko maka da takarda tare da alamomin da za ka maƙala a jikin kowane tarko, kuma tarkon da ba shi da alama haramtacce ne ko da kana da takarda a aljihu. Ana ɗaukar makonni kafin amsa ta fito, shi ya sa wanda ke son kamu a watan Yuli ya kamata ya nema tun bazara ba ta yi nisa ba.

Izinin hukuma bai ba ka ikon shiga ƙasar kowa ba. A Ingila kusan kowace gaɓar kogi tana da mai ita, kuma sau da yawa haƙƙin kamun kifi a wurin yana hannun wata ƙungiyar masu fatsa da ta yi hayarsa. Sai ka nemi yardar mai ƙasar, ka kuma sanar da ƙungiyar. Idan magudanar jiragen ruwa ce irin ta Oxford, mafi yawansu suna hannun ƙungiyar Canal and River Trust, ita za ka tambaya. Idan kuma wurin yana cikin yankunan da aka keɓe don muhimmancin halittunsu, sai hukumar Natural England ta sa baki. A ganina wannan matakin ne ya fi tsayar da mutane, ba fom ɗin ba, domin gano mai gaɓar kogi a bayan unguwa kan ɗauki lokaci, kuma yana da 'yancin ya ce a'a ba tare da ya ba ka dalili ba.

Tarkon kansa yana da awo. Tsawonsa kada ya wuce santimita 60, faɗinsa kada ya wuce 35, idon ragarsa kada ya wuce santimita 3, bakin shiga kuma kada ya wuce santimita 9.5. Wanda bakinsa ya fi haka sai an sa masa zobe ko sanda mai tsuke shi. Ka sa ma'auni ka auna da kanka kafin ka jefa shi a ruwa. Ana duba tarko aƙalla sau ɗaya a kowace awa 24, duk kifi ko wata halittar da ba ita kake nema ba a mayar da ita nan take, kuma ba a saka tarko kusa da ramukan ɓeran ruwa.

Ba kowane yanki ake ba da izinin kamu don ci ba. An raba Ingila gida biyu: inda baƙon ya riga ya mamaye, galibi kudu da tsakiya, da inda ɗan gida ya rage ko baƙon bai kai ba tukuna, galibi arewa. A kashi na biyu ba a yarda a kama sai don bincike ko aikin kiyaye kogi. Yankinku na cikin wuraren da mamayar ta yi nisa, don haka damar samun izininka ta fi ta wanda ke zaune a Cumbria ko Northumberland, sai dai hukuma ce ke yanke hukunci a kan kowane wuri bayan ta duba abin da ke cikinsa.

Akwai wani sauyi da mutane da yawa ba su sani ba, har da waɗanda suka daɗe suna wannan kamu. Tun ranar 1 ga Disamba 2019, lokacin da dokar baƙin halittu masu mamaya ta fara aiki a Ingila da Wales, an haramta wa mutum ya ɗauki wannan jatan lande da rai ya bar bakin ruwa da shi, ko ya ajiye shi a gida, ko ya sayar da shi da rai. A inda ka kama shi a nan za ka kashe shi. 'Yan kasuwar da ke kai rayayyu wurin sarrafawa suna da wani lasisi daban mai tsauraran sharuɗɗa. Mayar da shi ruwa ma laifi ne, ko da ƙarami ne wanda bai isa ci ba, ko da kuwa a ƙugiyarka ya maƙale kana kamun kifi. Haka nan an hana yin koto da shi, rayayye ko matacce. Manyan laifuffuka a ƙarƙashin dokar 2019 na iya kai mutum ɗaurin shekara 2.

Duk wannan na Ingila ne. A Wales hukumar Natural Resources Wales ce ke da iko, da nata sharuɗɗan. A Sikotilan kuwa, inda aka fara ganin baƙon a 1995, hukumar NatureScot ba ta ba da lasisin kamu don ci ko don sayarwa, har a tafkin Loch Ken da ke cike da shi, duk da kiraye-kirayen da mutanen yankin suka daɗe suna yi. Hujjarta ita ce da zarar abin ya zama mai kawo kuɗi ko abinci, za a samu masu kai shi sababbin ruwaye.

Shin ci yana rage su?

Wannan ne wurin da na fi so ka saurare ni, domin maganar maƙwabcinka tana da daɗin ji, kuma ana yawan jin irinta a bakin masu dafa abinci a talabijin. Tarko ba ya kama kowa. Manyan maza ne suke rigan kowa shiga, domin su ne masu ƙarfin hali da yawo, kuma da zarar babba ya shiga ƙanana ba sa kusantar wurin. Matan da ke ɗauke da ƙwai suna ɓuya a ramuka, ƙananan kuma suna ficewa ta idon raga. Wasu masu bincike daga jami'ar UCL ta Landan sun yi wani aiki a wani ƙaramin rafi a tsaunukan Yorkshire, suka tare ruwa suka janye shi sau uku a jere, suka ƙirga duk abin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna cewa a wasu wurare akwai har 110 a murabba'in mita ɗaya, kuma waɗanda girmansu ya isa tarko ya kama ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Ma'ana, ko da ka kwashe duk wanda tarkonka zai iya kamawa, fiye da kashi 97 suna nan.

Abin bai tsaya nan ba, domin waɗannan manyan da kake cirewa su ne suke cin ƙananansu, suke kuma hana su abinci da maɓoya. Idan ka ɗauke su, ƙananan da da za a cinye sai su rayu su girma. A wuraren da aka daɗe ana kamu, abin da muke gani shi ne girman waɗanda ke shiga tarko yana raguwa shekara bayan shekara, amma idan ka ɗaga dutse a ƙasan ruwa sai ka ga ƙanana sun watse ta ko'ina. Ba na cewa tarko ba shi da wani amfani sam. A ƙaramin tafki rufaffe, idan aka dage ana kamu ba fashi aka haɗa da wasu dabaru, ana iya rage ɓarna na ɗan lokaci, kuma ƙungiyoyin masu fatsa suna yin haka don su samu sararin kamun kifinsu. A kogi mai gudu kuwa, da zarar baƙon ya kafu, babu wata dabarar da ta tabbata tana fitar da shi. Shi ya sa masu ƙoƙarin ceton ɗan gida suka koma kwashe shi suna kai shi tsofaffin ramukan haƙar dutse da tafkunan da ba su haɗe da kowane kogi ba, inda cutar ba za ta same shi da sauƙi ba.

Ra'ayina dai shi ne ka nemi izini don kana son ka ci, wannan dalili ne mai kyau kuma halastacce a inda aka yarda da shi. Amma kada ka yi shi da zaton kana yi wa kogin magani, domin masu wannan zaton su ne suke ganin ƙa'idoji ba su hau kansu ba tun da alheri suke yi.

Daga bakin ruwa zuwa tukunya

Lokacin kamu shi ne lokacin da ruwa ya yi ɗumi, musamman daga Yuli zuwa Satumba, domin da sanyi ya shigo sai su lafe a ramuka. Da dare suke fita kiwo, saboda haka ana saka tarko da yamma a janye da safe, a wuri mai ɗan zurfi kusa da saiwoyin bishiya ko duwatsu. Kifin teku mai maiƙo shi ne koton da ya fi jan su, ko kan kifin da ka saya a shago, ko gwangwanin sadin da aka huda. Kada ka yi koto da kifin da ka kamo daga wani kogin.

Ka je da akwatin sanyi cike da ƙanƙara da wuƙa mai kaifi. Tun 2022 dokar Birtaniya ta amince cewa ƙaguwa da jatan lande da danginsu halittu ne masu jin zafi, bayan wani rahoto da masana a makarantar LSE ta Landan suka fitar a 2021, wanda ya ba da shawarar a daina jefa su da rai a tafasasshen ruwa. Abin da nake yi shi ne in sa su a ƙanƙara a nan bakin ruwa har su daina motsi, sannan in tsaga kowanne da wuƙa ta tsakiyar kai zuwa ƙirji a bugu ɗaya, domin jijiyarsu ta bi tsawon jiki ne, sukar wuri ɗaya ba ta isa ba. Ka duba ƙarƙashin jelar kowace mace, idan akwai ƙwai ko 'ya'ya maƙale kada ka bari su koma ruwa. Naman yana saurin lalacewa bayan mutuwa, don haka daga ƙanƙara sai tukunya a ranar.

A da ana ajiye su da rai kwana ɗaya a ruwa mai tsabta don cikinsu ya wanke, kuma har yanzu za ka ga ana ba da wannan shawarar, amma ga mai kamu don gidansa dokar 2019 ta rufe wannan ƙofar. Akwai hanya mai sauƙi a madadinta. Jelar tana da fiffike biyar, sai ka kama na tsakiya ka murɗa shi hagu da dama ka ja a hankali, za ka ga baƙin hanjin ya biyo shi gaba ɗaya. Ka goge jikin da buroshi, ka zuba a ruwan gishiri mai tafasa sosai, ka bar shi ya sake tafasa na wasu mintuna har ɓawon ya yi ja, naman kuma ya yi fari tas har ciki. Naman yana cikin jela ne da awartakin manya, kuma kada yawan da ke cikin bokiti ya ruɗe ka, domin mafi yawan nauyin ɓawo ne, abin da zai cika babbar tukunya da ƙyar zai ba ka kwano ɗaya na nama. Yana da ɗan zaƙi-zaƙi, yana karɓar attarugu da tafarnuwa da citta sosai, kuma ɓawon idan aka soya aka tafasa yana ba da romo mai kyau na dafa shinkafa.

Game da lafiya, ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa, domin jatan landen ruwan daɗi da ƙaguwa suna iya ɗaukar tsutsar da ke kama huhu, cutar da aka sani a Asiya da Amurka, aka kuma gani a gabashin Najeriya bayan yaƙin basasa a wurin waɗanda suka ci ƙaguwar da ba ta dahu ba. Annobar da ke kashe ɗan gida ba ta kama mutum. Abin da ya fi damuna a Ingila shi ne ruwan kansa, domin wannan halitta a cikin laka take rayuwa tana cin duk abin da ta samu. Kada ka saka tarko a ƙasan inda bututun ruwan ƙazanta yake zuba, ko kusa da tsohuwar masana'anta, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi lokacin da magudanan ƙazanta suke ambaliya cikin koguna. Abin nan mai launin ɗorawa da ke cikin kai, wanda wasu ke tsotsa, a nan ne ƙarafa masu guba suke taruwa, ni dai ba na ba yara shi. Ka rufe duk wani ciwo da ke hannunka kafin ka taɓa ruwan saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, kuma wanda jikinsa ba ya karɓar jatan landen teku ya nisanci wannan ma. Ta fuskar addini, a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muka tashi a kanta halittun ruwa halal ne, Hanafiyya kuwa sun taƙaita a kan kifi, don haka kada ka yi mamaki idan wani maƙwabcinka ɗan Pakistan ya ƙi ci.

Aikin bai ƙare ba sai ka tsabtace kaya. Ɓawo da ragowar koto a ɗaure a leda a sa a kwandon shara, ba a zubar a rafi ko a lambu kusa da ruwa ba. Tarko da igiya da takalmi a cire musu laka da ciyawa tun a bakin kogi, a gida kuma a jiƙa su a ruwan zafi mai maki 45 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 15, sannan a shanya su bushe ƙarau na aƙalla awa 48. Mafi sauƙi shi ne tarkon kogi ɗaya ya zauna na wannan kogin kaɗai. Idan hukuma ko mai ƙasa suka hana ka, akwai masu lasisin kasuwanci a yankin Thames da ke sayar da shi dafaffe, kuma idan kana yawo ka ga tarko marar alama a cikin ruwa, kada ka ɗauke shi ka tafi da shi, ka lura da wurin ka kira layin kai rahoto na Environment Agency.